Tarihin Rayuwar Tommy John, Kashi na 4: Jifa Biyu a Zagaye na Uku

A makon jiya mun bar Tommy John, mai jifa a wasan besbol na Amurka, a Los Angeles, bayan da White Sox ta Chicago ta miƙa shi ga Dodgers a Disamban 1971 ta karɓi Dick Allen. Sauyin ya karɓe shi: nasara 11 a 1972, nasara 16 a 1973. Kafin tsakiyar Yulin 1974 ya riga ya tara nasara 13, sau 3 kacal aka doke shi, kuma matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin zagaye tara, wato tsawon wasa guda, 2.59 ne. A besbol duk mai jifan da ya riƙe wannan lissafi ƙasa da 3 ana ganin girmansa. Shekarunsa 31 a lokacin. Duk da haka ba a sa shi cikin waɗanda za su buga wasan taurari na shekarar ba, abin kuma ya ɓata masa rai.

Ga wanda bai karanta kashin baya ba, sai mun ɗan maimaita irin jifansa, don abin da zai biyo baya ba zai fahimtu ba sai da shi. John bahago ne, kuma ba mai ƙarfin jifa ba ne. A wannan shekarar aka auna jifan Nolan Ryan ya haura mil 100 a awa, wato kilomita 160 da ɗoriya. Na John bai cika kai mil 90 ba. Makaminsa ƙwallo mai nutsewa ne. Ƙwallon besbol nauyinta giram 142 zuwa 149, an lulluɓe ta da fata guda biyu da aka haɗe da jan zare, ɗinki 108. Mai jifan nutsewa yana ɗora manuniya da yatsan tsakiya a kan layukan ɗinkin biyu inda suka fi matsowa kusa da juna, babban yatsa a ƙasa, ya saki ƙwallon yana ɗan danna ta da manuniya. Tafiyar mita 18.44 ce daga tudun jifa zuwa wurin mai sanda. Ƙwallon za ta taho kamar miƙaƙƙiya, sai ta kusa isa ta sunkuya. Mai sanda ya daki samanta, ta gangara a ƙasa, masu tsaron fili su tsince ta su fitar da shi. Idan akwai abokin hamayya a tasha ta farko, cikin tashoshin da mai sanda ke zagayawa a guje don cin maki, da jifa ɗaya ana iya fitar da mutum biyu. Da wannan John yake cin abinci.

Ranar 17 ga Yuli 1974 Dodgers ta karɓi baƙuncin Montreal Expos a filinta. A zagaye na uku Dodgers na gaba da ci 4 da nema, Expos na da mutum biyu a kan tasha, Hal Breeden ne riƙe da sanda. Irin yanayin da John ya saba fita daga cikinsa ne. Ya ɗaga ƙafa ya saki mai nutsewa, sai ƙwallon ta bauɗe nesa da inda ya nufa, hannun kuma ya ji kamar ba nasa ba. Ya karɓi ƙwallo ya sake gwadawa, aka maimaita. Bai jira an zo ɗaukarsa ba, ya sauko daga tudun da ƙafarsa ya shaida wa kocinsu Walter Alston cewa hannu ya tafi, a sa wani. Ranar nan nasarorinsa a babbar gasa 124 ne cikin shekara goma sha biyu.

Mu a Hausa kusan komai jijiya ne, amma a labarin nan abubuwa uku ne daban, kuma kowanne da rawar da ya taka. Akwai maɗauri, wanda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Akwai agara, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi. Akwai kuma jijiyar saƙo, mai kai umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa ta dawo da ji. Abin da ya tsinke wa John maɗauri ne, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da UCL. Miƙe hannunka, tafin yana kallon sama, ka laluba ƙullutun ƙashin da ke gefen gwiwar hannu ta ɓangaren haƙarƙari. Daga ƙarƙashin wannan ƙullutu maɗaurin ya taso, ya tsallaka gaɓar ya kama sangalin hannu na ɓangaren ƙaramin yatsa. Tsawonsa bai wuce santimita uku ba.

Ga yadda jifa ke cinye shi. Lokacin da ƙafar gaba ta dira ƙasa, ƙugu da ƙirji suna juyawa da ƙarfi su ja damtse gaba, gwiwar hannu a lanƙwashe, amma sangalin hannu da ƙwallon suna nan a baya ba su taso ba. A hoton da aka tsayar a daidai wannan lokaci za ka ga hannun ya kwanta baya har ka rantse ya karye. A nan gefen gwiwar na ciki yake neman buɗewa, maɗaurin ne ke hana shi. Awon da aka yi daga baya a cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta Birmingham da ke jihar Alabama ya nuna cewa nauyin da ke hawa maɗaurin a jifa mai ƙarfi yana dab da wanda ke tsinka shi a ɗakin gwaji. Abin da ke ceton sa shi ne tsokar da ta rufe shi, wadda ke lanƙwasa wuyan hannu, ita ke ɗaukar wani kaso na nauyin. In tsokar ta gaji, sai kaya ya koma kan maɗauri. Mai jifan da ke fara wasa yakan yi jifa ɗari ko fiye a rana ɗaya, ya huta kwana uku ko huɗu ya sake, daga Afrilu har Satumba. Zare-zaren maɗaurin suna tsinkewa kaɗan-kaɗan, jini kuma ba ya isarsa sosai balle ya gyaru kafin wasa na gaba. Jifan da aka yi wa Breeden shi ne na ƙarshe kawai, igiyar ta daɗe tana zagwanyewa. John ya yi shekaru yana fama da ciwon gwiwar nan ana danne shi da allurar kotizon, wadda ke kwantar da kumburi da zafi amma ba ta ɗinke komai. A 1972 ma an taɓa buɗe gwiwar an kwashe ɓarɓashin ƙashi.

Abin takaici game da wannan rauni shi ne, mai shi lafiyarsa ƙalau a idon mutane. Zai tuƙa mota, ya ɗauki kaya, ya yi rubutu. Jifa da ƙarfi ne kawai ba zai iya ba. Shi ya sa kafin 1974 ba a ɗauke shi matsalar da ta cancanci tiyata ba. Sai a ce hannun wane ya mutu, a sallame shi ya koma garinsu.

Likitan Dodgers, Dakta Frank Jobe, shekarunsa 49, ya yi aikin jinyar sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya karanci likitanci. Ba shi da na'urar MRI, don ba a fara amfani da ita a asibitoci ba tukuna, hoton ƙashi kuma ba ya nuna maɗauri. Da hannu ake ganewa: likita ya riƙe damtse, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya tura sangalin waje. In maɗauri na nan, gaɓar za ta tsaya cak. Ta John buɗewa take yi. Aka fara da abin da aka saba, wato hutu na makonni. Da ya gwada jifa bayan hutun, ƙwallon ba ta da wani ƙarfi. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Jobe ya san cewa likitocin hannu sun daɗe suna ciro agara daga wani wuri su dasa a wani, musamman ga waɗanda shan inna ta nakasa. Ya yi shawara da wani likitan tiyatar hannu, Dakta Herbert Stark, a kan ko za a iya sa agara ta yi aikin maɗauri a gwiwar da za a riƙa wahalarwa haka. Ba wanda ya taɓa yi wa mai jifa. Bai ɓoye wa John komai ba: ya ce masa damar komawarsa fili ɗaya ce cikin ɗari. In kuwa ba a yi ba, babu ko ɗayan. John ya ce a yi.

An shiga da shi ranar 25 ga Satumba 1974. Jobe ya tsaga gefen gwiwar hagu ta ciki, ya ɓalle tsokar da ta rufe wurin daga jikin ƙullutun ƙashi ya ɗage ta, ya zare jijiyar saƙon da ke bi ta bayan ƙullutun ya kawar da ita gefe. Da ya isa ga maɗaurin, babu abin ɗinkewa, ya riga ya zama tsumma. Sai aka koma hannun dama.

A wuyan hannu akwai wata siririyar agara da jiki ba ya wani amfani da ita. Kana iya ganin taka yanzu: haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa, ka ɗan lanƙwaso wuyan hannu, za ka ga wata igiya ta taso a tsakiya. In ba ka gani ba kada ka damu, mutane da yawa an haife su ba ita, a hannu ɗaya ko duka biyun, kuma ba abin da ya rage su da shi. Irin waɗannan a yau daga cinya ake ciro musu wata. An zare ta John daga hannun dama, don kada a ƙara taɓa hannun jifa. Amfanin ɗauko ta daga jikin mai ita shi ne jiki ba zai ƙi ta ba.

Daga nan aikin ya koma kamar na kafinta da na baduku a haɗe. Aka huda ramuka a kan sangalin hannu inda tsohon maɗaurin yake kamawa, ramukan suka haɗu ta ciki suka zama hanya. Aka yi irin haka a ƙullutun ƙashin damtse. Aka zura agarar ta shiga nan ta fita can, ta gitta kanta a kan gaɓar, ta ba da siffar lamba 8, aka ja ta daidai aka ɗinke bakinta a jikinta. Jan nan shi ne gwanintar: in ya yi sako-sako gaɓar za ta ci gaba da buɗewa, in ya yi tsauri hannu ba zai miƙe ba. Jijiyar saƙon kuma ba a mayar da ita tsohon gurbinta ba, an dawo da ita ta gaban gwiwa. Aka mayar da tsoka aka ɗinke, aka sa hannun a filasta. Aikin ya ci sa'o'i. A yau awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa.

Dodgers ta ci gaba ba shi, ta kai jerin wasannin ƙarshe na gasar a Oktoba, Oakland ta doke ta wasa 4 da 1. John na kallo da hannu a rataye.

Mutane da yawa suna ba da labarin nan kamar daga tiyata sai warkewa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Agarar da aka dasa ta zauna lafiya, jijiyar saƙon ce ta kusa kashe masa sana'a. Ita ce wadda in ka buge gwiwar hannu a bakin tebur kake jin kamar wutar lantarki ta ja ka har ƙaramin yatsa. Ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe ji, kuma ita ke motsa yawancin ƙananan tsokokin tafin hannu, har da wadda ke matso da babban yatsa ya danne abu. Jijiya ce mai saurin fushi, ba ta son a taɓa ta balle a sauya mata wuri. Naman tabo ya taru ya shaƙe ta. Yatsun John biyu na ƙarshe suka lanƙwashe kamar faratan shaho, suka daina ji, naman tsakanin babban yatsa da manuniya ya fara zaizayewa, hannun ya rame. Ka tuna yadda muka ce ake riƙe mai nutsewa: yatsu biyu a sama, babban yatsa yana tokare ta ƙasa. Mutumin da babban yatsansa ba ya dannawa ba zai riƙe ƙwallo ba, ko da maɗaurin gwiwarsa na ƙarfe ne.

A Disamban 1974 Jobe ya sake buɗe gwiwar, ya kankare tabon ya 'yantar da jijiyar. Bayan wannan babu sauran abin da wuƙa za ta yi. Jijiyar saƙo in ta lalace, tana farfaɗowa ne wajen milimita ɗaya a rana, kusan inci ɗaya a wata, daga inda ta ji ciwo zuwa ƙasa. Auna daga gwiwar hannunka zuwa tafi ka yi lissafi da kanka. Kuma in ta yi jinkiri da yawa, tsokar da take ciyarwa tana iya mutuwa kafin ta iso.

Da aka buɗe sansanin horo na 1975 a Vero Beach da ke Florida, John ya je tare da kowa. Ba ya iya riƙe ƙwallo, don haka sai ya naɗe yatsun da ba sa ji a jikin masu ji da filastar liƙi, ya cusa ƙwallon a ciki, ya tsaya gaban bango yana jefawa a hankali. Mai kula da lafiyar 'yan wasan ƙungiyar, Bill Buhler, shi ke tare da shi. Babu wani jadawali da za su bi, tunda babu wanda ya riga shi bin hanyar, su suka riƙa ƙirƙiro shi. Kwana shida yake jifa a mako, Lahadi ya huta. A gida matarsa Sally ce ke cafke masa. Akwai kuma abokin wasansa Mike Marshall, wanda a 1974 ya yi jifa a wasa 106 ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa, kuma yake karatun ilimin motsin jiki a jami'ar jihar Michigan. Shi ya taimaka masa da shawarwari kan ƙarfafa kafaɗa da gyara yadda yake sakin ƙwallo. A tsakiyar shekarar yatsun suka fara motsi.

A ganinmu lalurar jijiyar nan, duk da azabarta, ta yi masa wani amfani da ba a cika faɗa ba: ta hana shi gaggawa. Agarar da aka dasa ba ta zama maɗauri ranar da aka ɗinke ta. Da farko kamar tsani ce kawai, sai jini ya ratsa ta, ƙwayoyin jiki su mamaye ta, ramukan ƙashi su cike su riƙe ta, kuma wannan yana cin wajen shekara. Zafi kuwa yana tafiya tun kafin nan, shi ne tarkon. Ɗan wasa ya ji garau a wata na biyar ya saki hannu, ya tsinka sabon abu. John ko ya so ba zai iya ba, hannun ya ƙi.

Jadawalin da ake bi yanzu daga irin wannan gwaji ya samo asali. Mako ɗaya zuwa kwana goma hannu na ɗaure, sannan takalmin gwiwa mai maɓalli da ake ƙara buɗewa a hankali har wajen mako shida. Daga nan ƙarfafa kafaɗa, ƙugu da tsokar sangali. Wajen wata na huɗu a fara jifa mai laushi daga ƙafa 45, a riƙa ja da baya zuwa 60, 90, 120, ana tsallake rana, kuma duk ranar da aka ji ciwo a koma matakin baya. Hawa tudu sai bayan an wuce wannan, a fara da miƙaƙƙen jifa da rabin ƙarfi, masu lanƙwasa su zo daga ƙarshe. Komawa gasa wata 12 zuwa 18. Ita ma tiyatar an gyara ta saboda abin da ya sami John: yawancin likitoci yanzu ba sa ɓalle tsokar, tsaga ta suke yi ta tsawonta su leƙa, kuma da yawa ba sa ɗaga jijiyar saƙon sai in dama tana ba da matsala. Kusan takwas cikin goma na ƙwararrun da aka yi wa suna komawa wasa. Shi kansa Jobe bai yi saurin yarda da aikinsa ba, sai da ya dakata ya ga yadda hannun John zai kaya kafin ya yi wa wani.

Akwai wata camfi da ta bazu a Amurka daga baya, wai tiyatar tana ƙara gudun jifa, har wasu iyaye suna neman a yi wa 'ya'yansu masu lafiya. Ba ta ƙarawa. Wanda ya dawo da ƙarin gudu, ko dai ya daɗe yana jifa da ruɓaɓɓen maɗauri ne ya koma yadda yake a da, ko kuma shekara guda ta motsa jiki ce ta gina shi. John da kansa yakan yi barkwanci cewa ya roƙi likitoci su sa masa jifan Koufax, suka sa masa, amma na matar Koufax. Sandy Koufax ɗin nan shi ne bahagon Dodgers da gwiwar hannu ta tilasta wa ajiye wasa a 1966 yana da shekara 30.

Wajen ƙarshen 1975 ƙungiyar ta tura John gasar horar da matasa a Arizona, mutum mai shekara 32 cikin yara sababbin shiga, don a ga ko hannun zai jure wasa na gaske. Ya jure. Ranar 16 ga Afrilu 1976, wata ashirin da ɗaya bayan jifan Breeden, ya hau tudu a Atlanta a babbar gasa. Braves ce ta ci wasan, amma washegari gwiwar ba ta kumbura ba, kuma da layi ya zagayo kansa ya sake hawa. Ya fara wasa 31 a shekarar, ya yi jifa zagaye 207, nasara 10 rashin nasara 10, matsakaicin maki 3.09. Gudun bai ƙaru ba, bai kuma buƙace shi ba: ƙwallon tana nutsewa inda take nutsewa a da, masu sanda suna ta dukan samanta. An ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa a shekarar a rukunin National, ɗaya daga rukunai biyu na babbar gasar.

A ƙarshen kakar Walter Alston ya ajiye aiki bayan shekara 23, Tommy Lasorda ya karɓi ƙungiyar. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga 1977, shekarar da John ya fara cin wasa 20, da karon Dodgers da Yankees a wasan ƙarshe shekara biyu a jere, da yadda aka yi ya tattara kayansa ya koma wajen waɗanda suka doke su.